Onshape a Shagon Ƙera Injuna na Kano: Abin da Take Riƙewa da Abin da Take Bari

Duk wanda ya san shagunan ƙera injuna na Kano, tun daga Dakata da Sharaɗa har zuwa layukan da ke kewaye da kasuwar Ƙofar Ruwa, ya san cewa ƙarancin basira ba ya cikin matsalolinmu. A waɗannan wurare ake ƙera injin casar masara, da injin niƙa, da na ɓarar gyaɗa, da na matsar mai, waɗanda ke shafe shekaru suna aiki a ƙauyukan da babu makaniki a kusa. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne wurin da wannan basira take zaune. Tana cikin kan maigida, da hannun babban mai walda, da wasu kwalaye da aka yanka daidai da siffar ƙarfe aka rataye a ƙusa, da lambobin da aka rubuta da alli a bayan ƙofa. Idan maigida ya rasu, ko aka yaye yaron da ya fi kowa riƙe awo, ko ruwan damina ya jiƙa kwalayen, sai shago ya koma yana lalube a kan abin da ya riga ya gano shekaru da dama da suka wuce, kuma kowane lalube ƙarfe ne da wuta da lokaci ake ƙonawa.

Ni injiniya ne, kuma ni ke kula da zane a wani ƙaramin shago da ke ƙera injunan sarrafa amfanin gona. Da manhajar Onshape muke yin zanenmu, kuma mun daɗe da ita gwargwadon yadda zan iya faɗin ra'ayina a kanta. Ba zan auna ta da kyawun hoton da take fitarwa ba, domin kusan duk manhajojin zane na wannan zamani suna fitar da hoto mai kyau. Tambayar da na sa a gaba ita ce wannan: idan wanda ya zana injin ya bar shagon, me zai rage wa waɗanda suka zauna, kuma za su iya ci gaba da inganta injin daga inda ya tsaya ko kuwa sai sun faro daga tushe?

An kafa kamfanin Onshape a Amurka a shekarar 2012, kuma cikin waɗanda suka kafa shi akwai Jon Hirschtick, mutumin da ya kafa kamfanin manhajar zane na SolidWorks a 1993. An buɗe manhajar ga jama'a a 2015, sannan kamfanin PTC ya saye ta a 2019 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 470. Babban abin da ya bambanta ta da manhajojin da muka koya a makaranta shi ne ba a girka ta a kwamfuta. Ana buɗe ta ne a burauza kamar Chrome ko Firefox, ko a manhajarta ta wayar Android da iPhone, zanen kuma yana zaune a manyan kwamfutocin da kamfanin ke amfani da su, lissafin siffofi ma a can ake yinsa. Daga wannan tsari guda ɗaya alherinta ya fito, daga shi kuma cikas ɗinta ya fito, kamar yadda za a gani.

Abu na farko da mai amfani zai lura da shi shi ne babu maɓallin adanawa. Duk wani motsi da aka yi a zane, ko ƙara faɗin rami ne da milimita ɗaya, ko cire wani ƙarfe daga firam, yana shiga tarihin takardar, wato ma'ajin zanen a cikin manhajar, nan take tare da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Wanda bai taɓa aiki da fayilolin zane ba zai ɗauki wannan a matsayin ƙaramin abu, amma wanda ya taɓa buɗe kwamfutar ofis ya tarar da fayil mai suna na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe wanda aka gyara, da wani kwafin a filashin da ke aljihun wani, ya san girman abin da aka kawar. A Onshape zane ɗaya ne, kowa shi yake gani, kuma ana iya komawa ga yadda yake a kowane lokaci da ya gabata a duba shi ko a dawo da shi. Abin da na fi yabawa a nan shi ne wannan adanawa ba ta dogara da natsuwar kowa ba. Ranar da aiki ya yi yawa, mai kaya yana tsaye yana jira, janareta na cin mai, ba wanda ke tuna ya yi kwafi ya sa masa kwanan wata, kuma a irin waɗannan ranaku ne ake yin canje-canjen da suka fi muhimmanci.

Sai dai tarihin da ya ƙunshi dubban ƙananan motsi ba ya karantuwa idan ba a kafa masa alamomi ba. Don haka manhajar ta ba da damar a tsayar da zane a wani matsayi, a ba shi suna da bayani, daga nan kuma babu mai iya canza wannan matsayin har abada, ko da shi ne mai takardar. Mu a shagonmu zubi muke kiransa. Duk lokacin da za a fara yanka ƙarfe don wani rukunin injuna, sai an tsayar da zubi tukuna, kuma lambar zubin ita ake bugawa a ɗan farantin da ake liƙawa a jikin kowane injin. Amfanin wannan yana bayyana ne bayan shekara biyu ko uku, lokacin da manomi daga Doguwa ko Tudun Wada zai bugo waya ya ce ragar injinsa ta fashe a tsakiyar kaka. A da, amsar ita ce ya ɗauko injin ko ya kwance ragar ya kawo Kano a auna, domin ba wanda zai iya rantsewa cewa injin da aka sayar masa daidai yake da wanda ake ƙerawa yau. Yanzu lambar kawai zai karanto, a buɗe zubin da aka ƙera injinsa da shi, a yanka masa raga mai ramukan noti a daidai wurinsu, a ba direba ya kai masa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai shago ya saurari sauran bayanin.

Akwai kuma abin da ake kira reshe. Daga kowane zubi ana iya fitar da reshe a yi gwaji a kansa ba tare da an taɓa zanen da ake ƙera kaya da shi ba, idan gwajin ya yi kyau a haɗe shi da uwar zane, idan bai yi ba a bar shi a wurinsa. Misalin da zan bayar na injin casar masara ne. Motar lantarki da muke ɗora masa tana juyawa kimanin sau 1,450 a minti ɗaya, don haka idan fulin mota milimita 100 ne, na gangar da ke casar masarar kuma 250, gangar za ta juya sau 580. Da wasu masu saye suka koka cewa injin yana fasa ƙwaya idan masara ta bushe sosai, sai muka fitar da reshe muka mayar da fulin ganga 300, juyin ya sauko zuwa kimanin 483, muka fitar da wani reshen kuma muka bar fuli yadda yake muka ƙara tazarar da ke tsakanin haƙoran ganga da raga. Na farko ya rage fasa ƙwaya amma ya rage saurin aiki, ya kuma bar ƙwaya a jikin totuwa, na biyu shi ne ya fi dacewa, shi muka haɗe. Reshen da bai yi nasara ba yana nan da bayanin abin da aka gani, kuma ina ɗaukarsa da daraja daidai da wanda ya yi nasara, domin babu shakka wata rana wani sabon injiniya zai zo da shawarar a ƙara girman fuli yana ganin sabuwar dabara ce. Ilimin abin da aka gwada bai yi ba shi ne ilimin da ya fi saurin ɓacewa a kowane shago, saboda ba a ganinsa a jikin injin da aka gama.

A nan ne ya kamata a faɗi iyakar manhajar ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Tarihinta yana riƙe abin da aka canza, da wanda ya canza, da lokacin da aka canza. Dalilin canjin kuwa ba ya shiga sai mutum ya zauna ya rubuta shi. Tarihi zai nuna cewa an mayar da sandar ganga daga kaurin milimita 25 zuwa 30, an kuma sauya boris daga lamba 205 zuwa 206, amma ba zai faɗi ko sandar ce take lanƙwasa a hannun masu cusa masara da yawa ba, ko kuwa ƙaramin boris ɗin ne mai kyau ya yi wuyar samu a kasuwa a wannan watan. Bambancin da ke tsakanin waɗannan dalilai biyu babba ne. Idan na farko ne, komawa ga 25 kuskure ne da zai jawo karyewar injin. Idan na biyu ne, ana iya komawa a rage kuɗin ƙira da zarar kaya sun samu. A Kano, inda rabin canje-canjen zane ke fitowa daga abin da aka tarar a kasuwa ko a wurin 'yan gwangwan a ranar da aka je saye, rashin rubuta dalili yana sa a riƙa bin wani awo tamkar doka alhali larura ce ta rana ɗaya ta haife shi.

Wannan matsala ba ta ƙananan shaguna ba ce kaɗai. Injin roka samfurin F-1, wanda kamfanin Rocketdyne ya ƙera, guda biyar daga cikinsa ne suka ɗaga rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata a 1969. Zanensa bai ɓata ba, yana ajiye. Duk da haka, da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka so su fahimce shi bayan fiye da shekara arba'in, sai da suka kwance wani tsohon injin gunduwa-gunduwa suka ɗauki siffar kowane ɓangare da na'ura, kuma a 2013 suka sake kunna wani sashe na irin wannan injin don su ga yadda yake aiki. Dalili shi ne da hannu aka yi waldar waɗannan injuna, kuma dabarun da masu walda da masu haɗawa suka riƙa yi don aikin ya fito daidai ba duka suka shiga takarda ba. Idan hukuma mai irin wannan tsari da kuɗi ta rasa ilimin hannu, mai shago a Dakata bai kamata ya yi tsammanin sayen manhaja kaɗai zai tsare masa nasa ba.

Abin da Onshape ta yi, kuma ta yi shi da kyau, shi ne ta kawo wurin rubuta dalili kusa da abin da ake magana a kansa. Ana iya liƙa sharhi a jikin wani rami ko wata fuska ta ƙarfe, a ambaci sunan abokin aiki don saƙon ya je masa, kuma sharhin yana zama a cikin takardar. Ana iya sauya wa kowane mataki na zane suna, ta yadda maimakon jerin lambobi marasa ma'ana mai karatu zai ga ramin shafa girisi, ko kujerar mota, ko ƙarfen da ke hana murfi rawa. Ana iya ba muhimman lambobi sunaye, kamar tazarar raga ko kaurin faranti, a tara su wuri ɗaya, sauran awo duka su riƙa bin su. Sannan takarda ɗaya tana iya ɗaukar hotuna, da PDF, da bidiyo, a gefen zanen kansa. Duk da cewa maɓallan manhajar ba su da Hausa, babu abin da ya hana a rubuta sunaye da sharhi da Hausa, kuma haka muke yi, domin waɗanda za su karanta a bakin aiki da Hausa suke tunani.

Wannan dama ta ajiye bidiyo ce ta ba mu hanyar kama wani abu daga ilimin babban mai waldarmu, dattijo ne da ya fara sana'ar tun kafin a haife ni. Firam ɗin da ya haɗa ba ya karkacewa, na yara kuwa yakan ja gefe ɗaya bayan ya huce, har sanda ta ƙi zama daidai a cikin boris biyu, alhali zane ɗaya suka bi. Na tambaye shi na ce, "Baba, wannan 'yar tazarar da kake bari kafin ka kama kusurwa, nawa ce?" Ya ce, "Injiniya, ban taɓa aunawa ba, ido ne ke gaya mini. Kawo ma'auninka mu gani tare." Muka auna, muka kuma ɗauki bidiyonsa da waya yana aiki yana bayani. Ashe yakan fara ɗiɗɗiga walda a duk kusurwoyi kafin ya cika ko ɗaya, yana cikawa yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa kishiyarsa don zafi kada ya taru ya ja ƙarfen, kuma ba ya kammala waldar kujerun boris sai sanda tana zure a cikinsu. Haka nan yakan ɗora ganga a kan ƙarafa biyu madaidaita ya bar ta ta mirgina da kanta, gefen da ya sauka ƙasa shi ne mai nauyi, sai ya ƙara ɗan ƙarfe a kishiyarsa har ta daina zaɓen gefe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a zanen da na yi. Yanzu jerin waldar yana rubuce a kan takardar da ake bugawa, bidiyon kuma yana cikin takardar injin, inda duk wanda ya buɗe zanen firam zai gan shi. Manhajar ba ta tambayi Baba komai ba, mu muka tambaya, amma ta ba amsarsa mazauni a wurin da za a neme ta.

Sauran kayan aikinta na zane sun wadatar da irin aikinmu, kuma ba sai na daɗe a kansu ba. Sashen faranti yana nuna mazurari a lanƙwashe da kuma a shimfiɗe lokaci guda, ana fitar da shimfiɗaɗɗen a fayil ɗin DXF a kai wa masu injin yanka ko a buga shi a takarda. Sashen firam yana fitar da jerin tsawon ƙarafan da za a yanka. Jerin kayan da injin ya ƙunsa yana sabunta kansa idan an canza zane. Ana kuma iya riƙe ƙarami da matsakaici da babban injin a zane guda mai tebur na awo, ta yadda gyaran da aka yi wa ɗaya ba zai manta da 'yan'uwansa ba.

Buɗe zane a waya ya canza yadda yara ke koyon aiki. Yaron da takardar zane mai layuka da lambobi ke ruɗa shi yana iya juya injin da yatsa, ya ɓoye murfi ya ga cikinsa, ya taɓa gefe biyu ya karanta tazararsu. Mai takarda shi ke zaɓar wanda zai gani kawai, da wanda zai yi sharhi, da wanda zai gyara, da wanda aka yarda ya sauke kwafi, kuma yana iya janye izinin duk lokacin da ya so. Wannan ya fi tura fayil ta WhatsApp tsaro nesa ba kusa ba, domin fayil idan ya fita ya fita ke nan. Sai dai ina da ra'ayi a kan yadda ya kamata a yi amfani da wannan iko. Sana'ar ƙira a Kano ta rayu ne saboda maigida yana koyar da yaro, ya yaye shi, yaron ya buɗe nasa shagon da abin da ya koya, kuma ba a taɓa ɗaukar hakan a matsayin sata ba. Ba zan so in ga an mayar da manhaja makullin da za a hana yaro fahimtar aikin da hannunsa ke yi ba. Kare zane daga mai kwaikwayo na waje hakki ne, amma yaron da ya yi shekaru yana shan zafin walda ya cancanci ya san dalilin kowane awo, kuma shagon da yaransa suka san dalili shi ne wanda iliminsa ke da wurin zama fiye da ɗaya.

Cikas na farko shi ne intanet. Onshape ba ta da hanyar aiki idan babu sabis, ko kaɗan. Ba ta bukatar kwamfuta mai tsada, wannan gaskiya ne kuma sauƙi ne a gare mu, amma tana bukatar layin da ba ya yankewa, kuma shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano a tsakiyar ƙarafa ba shi ne wurin da sabis ya fi ƙarfi ba. Abin da aka riga aka yi ba ya ɓata idan layi ya yanke, tun da kowane motsi ya riga ya shiga tarihi, kuma wannan ya fi halin kwamfutar tebur da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Amma aiki yana tsayawa har sai layi ya dawo. Wanda zai dogara da ita yana bukatar layukan waya na kamfanoni biyu, da kwamfutar hannu mai batir mai kyau, kuma kada ya bari yankan ƙarfe na yau ya dogara da buɗe zane a yau. Duk abin da za a ƙera a buga shi a takarda tun da wuri.

Cikas na biyu kuɗi ne. A farashin da kamfanin ya wallafa a 2024, matakin biya na farko dala 1,500 ne a shekara ga kowane mai zane, na sama da shi kuma, wanda ke da tsarin neman amincewar shugaba kafin a saki zane zuwa ƙira, dala 2,500. Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, wanda ke nufin kujera ɗaya, wato izinin mai zane ɗaya, ta haura naira miliyan 2 a shekara a irin wannan canji. Akwai sauƙi ɗaya, wato masu kallo kawai ba sai an biya musu ba, don haka shago na iya biyan kujera ɗaya sauran ma'aikata su riƙa dubawa. Akwai kuma tsarin kyauta, amma dole a fahimci sharaɗinsa da kyau: ba na kasuwanci ba ne, kuma duk takardar da aka yi a cikinsa a buɗe take ga sauran masu amfani da manhajar, suna iya ganinta su kwafa. Wanda ya zuba zanen injin da yake ci da shi a tsarin kyauta ya saɓa wa sharaɗi, ya kuma baje sirrinsa a fili.

Cikas na uku shi ne wanda ya fi shafar batun adana ilimi, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba kafin su shiga. Ana iya fitar da zane daga Onshape a fayil ɗin STEP, ko DXF, ko PDF, kuma kusan kowace manhaja ta zanen injuna tana buɗe STEP, wato fayil ɗin da ke ɗauke da cikakkiyar siffar injin. Amma abin da ke fita siffar ƙarshe ce kawai. Jerin matakan da aka bi aka gina ta, da tarihin canje-canje, da rassan gwaji, da sharhin da aka liƙa, duk suna zama a ciki. Idan aka daina biya, takardun sirri ba sa zama na jama'a, ana iya kallonsu a fitar da kwafi, amma ba a iya gyara su. Ma'ana, ɓangaren da ya fi daraja, wanda saboda shi na yabi manhajar, yana zaune ne a rumbun haya, kuma mai haya dole ya san cewa rumbun ba nasa ba ne komai kyawunsa. Wannan ba zamba ba ce, haka tsarin yake kuma ba a ɓoye shi ba, amma ya wajaba mai shago ya yi tanadi. Namu tanadin shi ne duk zubin da aka tsayar ana fitar da STEP da PDF ɗinsa a ajiye a wuri biyu, sannan akwai takarda guda ta dalilai da muke rubutawa a waje da manhajar, mu ɗora kwafinta a ciki, mu kuma buga ta mu sa a fayil ɗin kwali na kowane injin. Aiki ne biyu, amma ban ga hanyar kauce masa ba.

Wanda kuɗin ko intanet ya fi ƙarfinsa yana da zaɓi na gaske a FreeCAD, manhaja ce ta kyauta da kowa ke iya duba lambobin gininta, wadda fitowarta mai lamba 1.0 ta zo a watan Nuwamban 2024. Tana aiki ba tare da intanet ba, fayil yana hannun mai shi, kuma tana riƙe jerin matakan zane. Abin da ba ta yi da kanta shi ne riƙe tarihin wa ya canza me da yaushe, don haka duk nauyin tsara kwafi da sunaye yana komawa kan mutum, wato wurin da matsalar ta faro. Injiniya ɗaya mai tsari zai iya rayuwa da ita lafiya lau. Da zarar masu taɓa zane sun kai biyu ko uku, ko suna zaune a garuruwa daban-daban, fifikon Onshape yana fitowa fili.

Hukuncina shi ne ta cancanci kuɗinta ga shagon da ke ƙera samfuri iri ɗaya akai-akai, yana inganta shi kaka bayan kaka, yana kuma da injuna a hannun jama'a da za su dawo neman kayan gyara. Shagon da aikinsa ƙofa da taga ne, ko gyaran abin da aka kawo, ko ƙirar da ba a maimaitawa, bai kamata ya ɗora wa kansa wannan kuɗi ba, littafi mai kyau da hotunan waya sun ishe shi. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Bayero, da na jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da na kwalejin fasaha ta jihar Kano suna da damar tsarin ilimi na kyauta da darussan koyo da kamfanin ya tanada, kuma zai amfane su su saba da tsayar da zubi da rubuta dalili tun a aikin kammala karatu. Mai shagon da ke tunanin biya kuma, shawarata ita ce ya fara buɗe asusun kyauta, ya koyi aiki da zanen wani abu da ba na sayarwa ba, ya gwada shi a cikin shagon nasa da layin da yake da shi, a lokacin da sabis ya fi rauni. Idan zanen yana buɗewa yana juyawa ba tare da tsaiko ba a wannan lokaci, kuma akwai mutum ɗaya a shagon da zai ɗauki rubuta dalilai a matsayin aikinsa na kullum, to sai a yi maganar kuɗi.